Gasar Harsunan Manhaja: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biyan Kuɗin Data?

Duk matashin da ya ƙudura niyyar koyon rubuta manhaja a Arewa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: da wane harshe zan fara? Tambaya ce mai sauƙi, amma amsoshinta kan zo da zafin da bai dace da ita ba. Wannan ya ce masa Python, wancan ya ce JavaScript. Mai aiki da Flutter ya rantse cewa zamanin React Native ya wuce, mai React Native ya ce a jira a gani, ai Google ya saba watsar da abin da ya ƙirƙira. PHP kuwa an sha yi masa jana'iza, alhali WordPress, wanda da shi aka rubuta, yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya. Yaron da ya zo neman hanya sai ya koma gida da ruɗani, da fargabar kada ya ɓata shekara guda a kan harshen da zai mutu.

Matsayina a wannan muhawara shi ne cewa gasar tana da amfani ƙwarai ga harsunan kansu, domin ita ke hana su barci. Amma idan aka kwaso ta yadda take daga Amurka ko Legas aka sauke ta a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ko Wonaka, inda masu koyo ba su da yawa kuma masu koyarwa sun fi su ƙaranci, sai ta rikiɗe ta zama asara. Ribar gasar tana iske kowa har gida ko bai shiga faɗan ba. Kuɗin faɗan kuwa, ɗalibi mafi rauni ne ke biya.

Me ya sa makamanta suka fi faɗa?

Da wuya ka ji gardama tsakanin mai SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, da mai CSS, wanda ke ƙawata fuskar shafi. Aikinsu daban ne, kowa da gonarsa. Gardama tana tashi ne tsakanin harsunan da ke neman kujera ɗaya: Java da C# a manyan manhajojin kamfanoni, Python da R a nazarin alƙaluma, Kotlin da Java a wayoyin Android, Dart na Flutter da JavaScript na React Native a manhajar da za ta yi aiki a Android da iPhone lokaci guda.

Dalilin farko shi ne harshen manhaja ya wuce nahawunsa. Ƙarfinsa yana cikin abin da ke kewaye da shi: kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta aka ajiye don kowa ya ɗauka, littattafan koyo, amsoshin matsalolin da aka taɓa cin karo da su, da kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata. Ya yi kama da kasuwa, wadda cikarta ke jawo ƙarin masu ci. Duk sabon mutum da ya shiga wani harshe ya ƙara masa daraja, ya kuma rage wa makamancinsa. Saboda haka wa'azin da mabiya ke yi wa harshensu yana da hankali a cikinsa: suna kare kasuwar da suke ci.

Dalili na biyu na zuciya ne. Wanda ya kwashe shekara uku yana ƙwarewa a abu, idan aka ce abin ya tsufa, zai ji kamar shekarunsa aka zaga. Dalili na uku shi ne wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: bayan yawancin tutocin nan akwai kamfani. Oracle ke riƙe da Java, Microsoft ke da C# da TypeScript, Google ke da Dart da Go, Meta ya haifi React Native, Apple ke da Swift, JetBrains ya ƙirƙiri Kotlin. Tarukan masu manhaja da ake yi a Kano da Kaduna da sauran birane ƙarƙashin inuwar irin waɗannan kamfanoni sun amfani matasa da yawa, kuma babu laifi a halarce su. Sai dai ya kamata mai halarta ya san cewa wanda ya ɗauki nauyin taro yana da hajar da yake so a saya.

Abin da gasar ta haifar

Tarihin Java da C# ya isa misali. Kamfanin Sun Microsystems ya fito da Java a 1995, da alƙawarin cewa abin da aka rubuta sau ɗaya zai yi aiki a kowace irin kwamfuta. Microsoft ya karɓi lasisi, ya yi nasa samfurin da ya ƙara wa abubuwan da Windows kaɗai ke fahimta. Sun ya kai ƙara a 1997, aka sasanta a Janairun 2001 bisa Microsoft ya biya dala miliyan 20. Kafin nan Microsoft ya riga ya sanar da nasa harshen, C#, wanda Anders Hejlsberg ya jagoranci tsarawa, kuma duk wanda ya san Java ya kalle shi zai ga dangantaka.

Abin da ya biyo baya shi ne shekaru fiye da ashirin na aron dabara. Java ya samu tsarin da ke ba da damar rubuta aiki ɗaya ga nau'o'in bayanai daban-daban a 2004, C# ya kawo nasa a 2005. C# ya shigo da gajerun ayyuka marasa suna a 2007, Java ya biyo sawu a 2014. Akwai kuma wata dabara ta sa manhaja ta jira amsa daga intanet ba tare da ta daskare ba, wadda ake rubutawa da kalmomin async da await. C# ya yaɗa ta a 2012, Python ya ɗauka a 2015, JavaScript ya ɗauka a 2017. A yau ɗalibin da ya fahimce ta a ɗaya daga cikin ukun ya kusa fahimtarta a sauran.

Labarin Python da R ya fi wannan koyarwa. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara R a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, don masana ƙididdiga. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, harshe ne na kowane aiki. Lokacin da Wes McKinney ya fara rubuta pandas a 2008, kayan aikin da ya mayar da Python gwanin sarrafa jadawalin bayanai, daga R ya ari ginshiƙin tunaninsa. Yayin da mabiya ke ta musun wanne ya fi, McKinney da Hadley Wickham, wanda yake cikin fitattun maginan R, suka haɗa hannu a 2016 suka fito da Feather, tsarin ajiye bayanai da harsunan biyu za su iya karantawa. A 2022 kamfanin RStudio ya sauya suna zuwa Posit don ya nuna cewa ya rungumi Python, kuma a 2023 McKinney kansa ya koma aiki a can. Manya suna cin tuwo a kwano ɗaya, yara suna jifa a waje saboda su.

Ga abin lura a nan: babu ɗaya daga cikin waɗannan ci gaba da ya buƙaci ɗalibin Gusau ya zagi wani. Sun zo masa a sabon samfurin da ya sauke, ko ya san tarihinsu ko bai sani ba.

Inda rabuwa ta ci mutane

Gasa tsakanin gidaje biyu tana gina su. Rabuwa a cikin gida ɗaya ita ke da tsada, kuma tarihi ya nuna hakan sau biyu a fili. A 2000 aka sanar da cewa za a sake gina Perl, wanda a lokacin yake cikin manyan harsunan intanet. Sabon samfurin bai fito ba sai Disamban 2015, kuma ya bambanta da tsohon har aka sauya masa suna zuwa Raku a 2019. A tsawon wannan jira, sababbin masu koyo da yawa sun bi wasu hanyoyi.

Python ma ya sha irin wannan. An fitar da Python 3 a Disamban 2008, kuma abin da aka rubuta da Python 2 ba lallai ya yi aiki a kansa ba. Al'ummar ta rabu biyu har sai da aka daina kula da tsohon a ranar 1 ga Janairun 2020. Sama da shekara goma sabon ɗalibi na fama da littattafai iri biyu da amsoshi iri biyu ga tambaya ɗaya.

Wannan rabuwar tana da darasi na musamman ga mai rubutu da Hausa, domin babban abin da aka gyara shi ne yadda harshen ke ɗaukar haruffa. A Python 2, idan ka nemi tsawon kalmar "ƙasa" yadda aka saba rubutawa, amsar da za ka samu ita ce 5, saboda harafin ƙ yana cin gurbi biyu a ma'adana. A Python 3 amsar 4 ce, kamar yadda kowane ɗan firamare zai ƙirga. Wannan bambanci ne na gaske, wanda ke shafar jera sunayen ɗalibai da binciken kalma a cikin rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ. Irin tambayar da ta cancanci gardamarmu ke nan: shin kayan aikin nan yana mutunta haruffanmu? Mafi yawan abin da ake musu a kai a kafafen sada zumunta bai kai wannan muhimmanci ba.

Yadda lissafin ke sauyawa a Zamfara

A birnin da ke da masu manhaja dubbai, rabuwa gida biyar ba ta cutar da kowa, domin kowane gida zai samu malamai da ɗalibai da masu ɗaukar aiki. A tsakiyar Zamfara lamarin daban ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 aka kafa ta. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, sannan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku ya ƙara buɗe ƙofa. Duk da haka al'ummar masu wannan sana'a ƙarama ce, sabuwa ce, kuma waɗanda suka ƙware sukan bi aiki zuwa Abuja ko Kano ko Legas. Idan mutum goma sha biyu da ke gari ɗaya suka kasu ƙungiya huɗu, kowace da tutarta, an samu ƙungiyoyi huɗu da babu wadda ke da wanda zai duba aikin wani.

A ɗauki misalin wanda ya gama sakandare a Wonaka, ya samu tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka daga wani yayansa. Abu uku ne za su yanke hukuncin ko zai kai labari, kuma kyawun nahawun harshe ba ya cikinsu.

Na farko na'ura. Android Studio, wanda masu Kotlin da yawancin masu Flutter ke dogara da shi, Google da kansa ya ce yana buƙatar aƙalla gigabait 8 na RAM. Kwamfutar da ke da rabin haka za ta riƙa ja da ƙyar har mai ita ya ɗauka shi ne ba ya ganewa. Python kuwa abin da ake saukewa a Windows bai wuce megabait 30 ba, JavaScript kuma yana cikin kowace burauza tun asali, har ma ana iya gwada su biyun a wayar hannu. Wanda ya shawarci wannan yaro ya fara da kayan aiki mai nauyi, don kawai shi ake yayi, ya ɗora masa kayan da ba da shi za a ɗauka ba.

Na biyu sabis. Mutanen Zamfara sun san abin da masu gardamar intanet ba su taɓa lissafawa ba. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle a yaƙin da take yi da 'yan bindiga. A kwanakin farko mutane na tafiya har Funtuwa don su yi kira. An buɗe na birnin Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna suka ci gaba da zama a rufe na ƙarin makonni. Mai koyon da duk karatunsa bidiyo ne, wanda kowane sabon aiki sai ya sauke ɗaruruwan ƙananan kayan haɗi, irin wannan yanayi yana tsayar da shi cik. Wanda ya riga ya ajiye harshensa da littafin bayaninsa a kwamfuta zai ci gaba muddin akwai caji. Ko ba a rufe layi ba, raunin sabis a ƙauye da tsadar data suna yin wannan aikin kullum a hankali. Duk lokacin da wani ya hure wa ɗalibi kunne ya sauya harshe, akwai gigabait da za a sake saya.

Na uku, kuma mafi girma, malami. Mai koyon manhaja yakan maƙale a kan kuskure ƙarami na kwana biyu, wanda gwani zai gano cikin minti biyu. A irin waɗannan wurare ne mutane ke sarewa su bari. Saboda haka harshen da ya fi dacewa da ɗalibin Wonaka shi ne wanda wani a Gusau ya iya sosai kuma yake da haƙurin amsa waya. Manomi ya san wannan ƙa'ida tun kafin zuwan kwamfuta. Idan zai sayi babur ko injin ban-ruwa, tambayarsa ita ce wanne ne bakaniken garinsu ya iya gyarawa, kuma wanne ne ake samun kayan gyaransa a kasuwa mafi kusa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Za a iya cewa: ai kasuwar mai manhaja duniya ce, ba Gusau ba. Wanda ke neman aikin nesa da ake biya da dala dole ya bi abin da kamfanonin waje ke nema, ko da babu wanda ya iya shi a garinsu. Wannan magana tana da gaskiya, kuma akwai fagagen da zaɓi ya riga ya ƙare. Mai son shiga aikin koya wa na'ura Hausa, irin wanda ƙungiyoyin HausaNLP da Masakhane ke yi, Python zai koya, domin manyan kayan aikin fagen da shi ake sarrafa su. Mai son gina fuskar shafin intanet ba shi da mafita daga JavaScript.

Amma hujjar ta tsallake mataki. Kamfanin waje ba ya ɗaukar wanda ya ɗanɗana harsuna biyar, yana ɗaukar wanda ya gama wani abu da ke aiki. Harshen farko shi ne mai wuya, domin a cikinsa ake koyon tunanin kansa: yadda ake rarraba matsala, yadda ake tsara bayanai, yadda ake farautar kuskure. Wanda ya ƙware a Java zai kama Kotlin ko C# cikin makonni, saboda aron da suka yi wa juna ya kusantar da su. Wato gasar da ake tsoratar da ɗalibi da ita, ita ce ta rage haɗarin zaɓen da ba daidai ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke juya rubutu daga wannan harshe zuwa wancan sun ƙara sauƙaƙa ƙaura, amma wanda ya san abin da yake karantawa ne kaɗai zai gane idan sun yi kuskure.

Akwai kuma masu cewa kishin harshe yana ba matashi gida da abokai, yana sa shi naci. Haka ne. Tambayar ita ce ko a garin da masu sana'ar ba su cika aji ɗaya ba, gidan ya kamata ya zama harshen ko garin.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai koyo: zaɓi harshen da na'urarka za ta ɗauka kuma kake da mai duba maka, ka zauna a kansa har ka gama abin da wani mutum ke amfani da shi. Rajistar kuɗin makarantar Islamiyyar unguwa, ko littafin bashin mai shagon POS, ko lissafin buhunan dillalin hatsi a Tsafe, duk sun fi darasin bidiyo na ashirin. Taura biyu ba ta taunuwa. Bayan nan ka koyi na biyu da gangan, za ka ga rabin abin da ake faɗa a kai suna ne kawai ya bambanta.

Ga waɗanda suka riga suka ƙware: idan ƙarami ya zo da tambaya a harshen da ba naka ba, kada amsarka ta zama "bar wannan, koma nawa". Ka duba kuskuren tare da shi, ko ka haɗa shi da wanda ya sani. Kafin ka ba da shawarar sauya hanya, ka tambayi girman kwamfutarsa da nawa yake kashewa a data.

Ga masu shirya taruka a Gusau: zama ɗaya a wata da ya tara kowa ya fi zama huɗu da kowanne ke da tutarsa. A gina shi a kan matsala, kowa ya kawo yadda ya warware ta da nasa kayan aikin, a kwatanta a gaban ɗalibai. A ajiye faifai guda mai ɗauke da harsuna da littattafan bayaninsu, wanda ɗan Bungudu ko Wonaka zai kwafa ya tafi da shi ba tare da ya sayi data ba. Ga malaman manyan makarantu kuma: a koyar da tushe da harshe ɗaya har ya zauna, sannan a sa ɗalibai su sake rubuta aiki ɗaya da makamancinsa, don su ga bambancin da idonsu maimakon su ji shi a bakin masu talla.

Ba a buƙatar a kashe tsokana. Al'adarmu ta daɗe da sanin yadda ake riƙe hamayya ba tare da ta zama gaba ba. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa na da abin faɗa a kan ɗan'uwansa, kuma ƙa'idar wasan ita ce wanda ka tsokana yana da haƙƙi a kanka ranar da ya shiga matsala. Harsunan nan taubasai ne, tarihinsu ya tabbatar da haka. Mai Python ya tsokani mai PHP yadda ya ga dama, da sharaɗin cewa idan shafin mai PHP ya ƙi tashi ana gobe zai miƙa aiki, shi ne zai ja kujera ya zauna kusa da shi har a gano inda matsalar take.